Cikon Goma a Tsakar Gidana

Shekarar da murar nan ta shigo Fatakwal, saura kaɗan Turawa su tattara nasu-ya-nasu, ina da shekara talatin da 'yan kai, mijina ya shekara biyu da rasuwa, kuma ina da Yahudawa goma a ɗakin ƙofar gidana. Ba kwana suke yi a ciki ba. Ranar Asabar kawai suke zuwa, su yi ibadarsu, su yi karatu, su watse.

Mijina ne ya ba su ɗakin. Dillalin shanu ne, a nan yake ajiye igiyoyi da kanwa. Wani tsoho mai gyaran agogo a bakin Kasuwar Creek Road, Bayahude mutumin Bagadaza, shi ya roƙe shi, ya ce suna neman inda za su ajiye littafinsu su riƙa taruwa. Mijina ya kwashe igiyoyinsa ya miƙa masa mabuɗi, ba takarda ba shaida. Da ya rasu ban ga dalilin karɓe mabuɗin ba. Alkawari kaya ne, ni kuwa na gaji kayansa duka.

Ranar da na fara jin karatunsu na ɗauka dambe ne ya kaure. Ina tuƙa tuwon sayarwa na ji ihu, wannan yana buga benci, wancan yana rantsuwa da harshen da ban sani ba. Na shiga da muciya a hannu in raba. Sai na tarar da su biyu-biyu, kowanne da littafi a gabansa, suna rangaji suna nuna wa juna layi da yatsa. Tsohon ya dube ni, ya dubi muciyar, ya ce, "Madam, no be fight. Karatu ne." Na ce in haka karatunsu yake, Allah ya kiyashe ni ganin faɗansu. Daga ranar muka saba. Hausarsa guntu-guntu ce, ya haɗa da Larabci da Turancin kasuwa, amma ban taɓa kasa gane abin da yake nufi ba.

Dole in faɗi yadda mijina ya rasu, domin ba za a gane taurin kaina ba sai da shi. Ya rako shanu a jirgin ƙasa daga Arewa, zazzaɓi ya kama shi a hanya, ya cika a wata ƙaramar tasha tsakanin Makurdi da Inugu. Wanda ya kawo mini hularsa da butarsa na tambaye shi mutum nawa suka yi masa salla. Ya sunkuyar da kai ya ce su uku ne, shi da wani makiyayi da wani leburan reluwe. Mutumin da ba a rasa baƙi ashirin a zaurensa, mutumin da ya ciyar da rabin unguwa, uku. Na yafe wa zazzaɓin, na yafe wa jirgin, amma ukun nan na kasa yafe ta.

Murar ta zo da damina. Wasu suka ce jiragen ruwa ne suka kawo ta. Kafin mako biyu rabin rumfunan kasuwa a rufe, ko'ina ka bi sai tari. Duba-gari suka zaga suna shelar kada a cunkushe a ɗaki rufaffe. Aka sallami yaran makarantar allo, masallacinmu ma aka koma yin salla a waje. Ni ba na cikin masu cewa ƙarya ce. Na ga gawa da idona, na yi wa mata biyu wanka a rana ɗaya.

Ranar wata Talata matar tsohon ta rasu. Na je gaisuwa ranar Alhamis da lemo da ayaba, don na san ba ya cin naman tukunyata. Na tarar da shi zaune a ƙasa, wuyan rigarsa a yage, an lulluɓe madubin ɗakin da zane, kamar yadda suke yi a makoki. Na ce Allah ya ba da haƙuri. Ya amsa, sannan ya ce akwai addu'ar da zai yi mata, amma ba a yin ta sai maza goma sun tsaya. Su kuwa yanzu tara ne. Na gomansu wani saurayi ne mai awon katako, yana kwance a gidajen kamfani can bayan unguwar Diobu. Zazzaɓin ya sauka, amma ƙafafunsa ba za su kawo shi ba.

Na ce, "Baba, wannan ne ya dame ka? Mutum ɗaya? Gobe in shiga kasuwa in kwaso maka goma, ka zaɓi mai tsayi."

Ya yi ɗan murmushi, na farko tun shigata. Ya ce, "Na gode, 'yata. Sai namu."

Na ce to in aika amalanke ranar Asabar a turo saurayin. Ya girgiza kai, ba sa hawa komai ranar Asabar. Na ce su je can su same shi. Ya ce littafin ba ya fita titi ranar, kuma mai gadin kamfani ba ya barin kowa ya shiga. Na ce su yi ranar Litinin mana. Ya ce biyu daga cikinsu a Aba suke aiki, sai jirgin Juma'a yake kawo su. Raina ya ɓaci. Na ce masa addinin nan nasu kamar ƙullin igiyar shanu yake, duk inda ka ja sai ya ƙara tamkewa. Bai yi musu ba. Ya ce shekara arba'in da ɗaya suna tare da matar nan, ga shi zai sallame ta ba ko amin. Ya rufe fuska da hannuwa.

Ina tafiya gida ina faɗa ni kaɗai, har masu wucewa suna waiwayena. Wajen kwanar unguwarmu abin ya faɗo mini. Asabar aka hana su hawa, ai ba a hana su Juma'a ba. In saurayin ya kwana a gidana, taku goma ne tsakaninsa da littafin.

Ban yi wauta gaba ɗaya ba. Da safe na kai yarana biyu gidan ƙanwata, na ce kada su dawo sai na aiko. Na share ɗakin mijina, na shimfiɗa tabarma, na buɗe tagogi. Sannan na ɗauki wani Inyamuri mai amalanke muka nufi gidajen kamfani. Mai gadin tsohon soja ne, mutumin Arewa, ya tare ƙofa ya ce an hana shiga. Na ce an hana shiga, an hana fita? Ciwo zan rage muku, ba ƙara muku zan yi ba. Sai ya shiga da kansa ya tallafo yaron. Ya rame kamar kara, amma da na gaya masa tsoho ne ke nemansa, ya ce a ɗauko masa hularsa da mayafinsa na ibada mai geza.

Akwai lungu ta bayan gidana, da na bi ta nan babu wanda zai gani. Ban bi ba. Ta babban titi na bi, daidai lokacin da aka taso daga Juma'a, ina gaba, amalanke na baya, saurayin yana tari cikin bargo. Abin da za ka yi a gidanka da rana tsaka, in ka fara ɓoye shi ka riga ka amsa laifi.

Ban gama shigar da shi ba ƙanen mijina ya iso. Shi ke magana da yawun dattawan unguwa tun rasuwar wansa, kuma yana jin daɗin hakan fiye da kima. Ya tsaya nesa, ya toshe hanci da bakin rawani.

Ya ce, "Matar Yaya, lafiyarki kuwa? Mutane na gudun annoba, ke kin je kin ɗauko ta a amalanke?"

Na ce, "Sannu da zuwa. An sauko lafiya?"

"Bar batun gaisuwa. Dattawa sun ce ki rufe ɗakin nan, ki karɓi mabuɗi. Hukuma ma ta hana taro."

"A ɗaki rufaffe aka hana. A tsakar gida za su yi, kamar yadda kuka yi sallarku yanzu a titi."

"Kuma ki kwantar da namiji baƙo a ɗakin Yaya, ke ba miji? Me za a ce?"

Na ce, "Abin da aka saba cewa. Ka dube shi da kyau, ko cokali ba ya iya ɗagawa. In dattawa na tsoron mutuncina, su aiko da matansu su taya ni jinya."

Ya ce daga yau babu wanda zai sake sayen tuwona. Na ce cikinsu ne zai gaya musu. Ya juya yana huci. Gaskiya ba duk maganarsa ce banza ba, murar tana kisa, ni ma na sani. Amma ba tsoron murar kaɗai na ji a muryarsa ba, har da jin haushin mace ta yanke shawara ba ta tambaye shi ba.

Asabar ta waye da ruwa, irin na Fatakwal da ba ya sallama. Na ciro tamfol ɗin da mijina ke rufa wa shanu a taragon jirgi, na ɗaura shi daga bishiyar mangwaro zuwa rufin kicin. Suka fara shigowa a ƙafa, jiƙe sharkaf, kowanne da hankici a baki. Likitansu, wani dogo mai tabarau, shi ya jera su nesa-nesa da juna. Aka fito da littafin daga ɗaki, naɗaɗɗe cikin rigarsa ta karammiski, mutum biyu suna kare shi da laima kamar jariri. Saurayin ya dafa bango ya fito da ƙafarsa, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin mijina. Na miƙa masa kujera, ya ƙi zama.

Tsohon ya bi su da ido yana motsa baki. Na riga na san su ba sa ƙirga mutum da ɗaya, biyu, uku, wata aya suke karantawa mai kalma goma, kowa ya sami kalmarsa. Ni ba a hana ni ba. Daga bakin kicin na ƙirga su da yatsa, na sake ƙirgawa. Goma cif.

Tsohon ya tsaya ya fara addu'ar. In ya kai wani wuri sai ya dakata, sauran tara su amsa. Ban ji ko kalma ɗaya ba sai amin, ita kuwa na taya su. Kuka ya zo mini, ban hana shi ba. Da aka gama na ɗauka za su watse saboda ruwa. Ina! Suka zauna a bencina, suka buɗe littattafai, suka dasa musunsu daga inda suka tsaya makon jiya, sai dai yanzu da ihu sosai saboda nisan da ke tsakaninsu. Saurayin nan da jiya aka turo a amalanke har da buga cinya yana ƙaryata likita. Duk unguwa ta ji su, kuma na so a ji.

Ranar Talata na faɗi. Kwana goma sha ɗaya na yi, ƙasusuwana kamar an daka su a turmi, ina ganin rufin ɗaki yana juyawa. Likitan nan mai tabarau yana zuwa kullum. Matan unguwa suka fara ajiye kunu a bakin ƙofa su gudu, ba tare da mazansu sun sani ba. Ko daga saurayin na ɗauka, ko daga gawarwakin da na wanke, Allah ne masani. Unguwa dai ta riga ta yanke hukunci.

A kwana na tara ƙanen mijina ya zo ya tsaya ta taga. Ya gaishe ni da jiki, na amsa. Amma bai iya haɗiye maganar da ta kawo shi ba.

Ya ce, "Kin gani ko, Matar Yaya? Saura ƙiris ki mayar da yaran nan marayu gaba da baya. Saboda me? Mutanen nan ba danginki ba, ba addininki ba. Matar tsohon ma sau nawa kika taɓa ganinta?"

Muryata ba ta fita sosai, sai da ya matso. Na ce, "Mutum nawa suka tsaya wa Yayanka salla?"

Ya kau da kai. Na sake tambaya.

Ya ce, "Uku."

Na ce, "To ita goma suka tsaya mata, a tsakar gidansa, a ƙarƙashin tamfol ɗinsa. Ni na ƙirga. Ka gaya wa dattawa Asabar mai zuwa ma suna nan."

Ya dafa ƙarfen taga. Sannan ya tambaye ni sunan tashar da aka binne wansa, domin a shekara biyun nan bai taɓa tambaya ba.