Rufin Motar Yaya Sani a Hanyar Kona

Jama'a, yau na shiga uku! Kun san jar motar Yaya Sani, marar rufin nan da ya bar mini ajiya? Da na ga hadari, na kai ta garaji a Tasawa, aka ɗora mata rufinta na ƙarfe. Makaniki ya ce, "Ƙugiya ɗaya ba ta kama ba, tafi a hankali."

Ina kan hanyar Kona iska ta taso. Sai ji na yi ɓam! Sama a buɗe! Rufin ya faɗa tsakiyar garken shanu, suka firgita, suka tattake shi. Makiyayin ya jawo shi a lanƙwashe, ya ce, "Malam, naka ne?"

Yanzun nan Yaya ya kira: "Wanke ta, gobe ina tafe da mai saye."