Zaren da Tela Ya Kai Rumfar Zaɓe

Maƙwabcina Tela ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin keken ɗinki, a wani shago mai ƙofa ɗaya da ke kallon kwatar da ba a taɓa rufewa ba. Tun yana da idanunsa ba ya karɓar awo daga bakin kowa. Idan mutum ya faɗa masa faɗin kafaɗarsa, sai ya ce, "Na ji, amma juyo," ya auna da kansa. Da ya makance, keken ya koma hannun wani, halin kuwa ya zauna, har ya ƙaru.

Da zaɓen kansila ya matso, Tela ya tsayar da ransa a kan wani mai kantin magani, domin shi kaɗai cikin 'yan takara ya zo ya duba kwatar nan, wadda Tela ya taɓa faɗawa ciki ya bar haƙori. Babban ɗansa, wanda direba ne, da abokan hirarsa na ƙofar shago, duk suka rantse masa cewa can za su dangwala. Matarsa ce kaɗai ta gaya masa ido da ido cewa tsohon kansila za ta zaɓa.

Wata ma'aikaciyar zaɓe ta zo gida ta yi masa bayani. Wanda zuwa rumfa zai yi masa wuya yana iya neman a aiko masa da takardar, ya dangwala, a rufe ta a ambulan. In kuma ya fi son zuwa, doka ta yarda ya shiga da mataimakin da ya zaɓa da kansa.

"'Yata, ambulan ɗin hannun wa zai bi?" in ji Tela.

"Hannun ma'aikata, Baba."

"Su ma'aikatan ba su da ɗan takara? To mataimakin fa, wa zai taimake ni in ga abin da ya yi?"

Ni ma na miƙa kaina, tunda karatu ba ya ba ni wahala. Ya ce, "Kai da ka koyi boko da furfura, har yanzu ɗokinsa kake. Za ka karanta mini abin da ba a rubuta ba."

Sai ya ɓullo da dabararsa. An manna samfurin takardar zaɓe a bangon makarantar da za a yi zaɓen. Ya je can da zare a aljihu, ya riƙa tare masu wucewa da ba su san juna ba, kowanne ya ɗora masa yatsa a gurbin mai magani a jikin takardar. Da ya ga bakinsu ya zo ɗaya, ya auna daga saman takardar zuwa wurin, ya ƙulla zaren daidai nan. Ya dawo gida yana cewa ya sami mataimakin da ba shi da jam'iyya.

Ranar zaɓe aka wuce da shi gaban layi, aka ba shi kujera. Wannan ma bai kwanta masa ba. "Me ya sa ake sauri da ni?" ya tambayi ɗansa.

A bayan labule ya shimfiɗa takardar, ya ɗora zaren, ya bi shi da yatsa. Takardar ta ƙare, ƙullin yana lilo a ƙasanta.

"An rage ta!" ya ɗaga murya. "An yanke mata gindi!"

Shugaban rumfar ya matso ya ce, "Baba, ba a yanke komai ba. Ta bango an ƙara mata girma ne domin a hango ta daga nesa."

Mutumin da bai taɓa yanka yadi ba sai ya taɓa jikin mai shi, ga shi ya ɗauki awo a jikin hoto. Ɗansa ya ce, "Baba, kawo hannunka, mutane suna jira." Ya janye hannun ya cusa a hammata.

"Kira mini uwarka."

Ta fito daga layi tana gyara mayafi. "Malam, ka fa san ba naka nake so ba."

"Shi ya sa. Ke kaɗai ce ba ki yi mini daɗin baki ba."

Shugaban rumfar ya gargaɗe ta da riƙe sirri, aka bar su su biyu. Daga waje muka jiyo ta tana cewa, "Yatsa ne wannan ko itace? Saki hannun mana."

Tela ya ƙi komawa gida har aka ƙirga ƙuri'u a gaban jama'a da yamma. Tsohon kansila ya kwashe mafi yawa. Da aka zo kan mai magani, shugaban rumfar ya ɗaga takarda guda ya ce, "Ɗaya."

"Ɗaya?" in ji Tela.

"Ɗaya, Baba."

"To, tawa ta isa inda na aike ta." Ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin ɗansa da abokan hirarsa. "Naku fa, a wace kwata suka faɗa?"

Ni a wata rumfar sunana yake, tambayar ba ta shafe ni ba.

Kwatar tana nan a buɗe. Idan Tela zai tsallake ta, ɗansa yakan miƙo hannu, shi kuwa sai ya tsaya a bakinta yana kiran matarsa.