Babur ɗin Orval da Motar Marlys

Orval Sletten mutumin Dakota ta Arewa ne. A masana'antar sukari ya ƙarar da ƙarfinsa yana gyaran injuna, har kunnensa na hagu ya daina ji. Da ya yi ritaya, shi da matarsa Marlys suka sayar da gidansu suka sayi mota mai ɗaki irin tamu, gado da murhu da banɗaki duk a kan taya. Sanyi na kawo kai sai su gangaro kudu, su kafa a hamadar Quartzsite kusa da ni da mijina Dwight, mu zauna tare har zafi ya kore mu.

Tun daga nesa ake gane su. A bayan motar ɗakin akwai wani gadon ƙarfe, a kansa baƙin babur ƙato a gicciye. Daga ƙarƙashin gadon kuma wani dogon ƙarfe ya fito yana jan ƙaramar koriyar mota. Duk nauyin nan wuri ɗaya yake rataye, a gindin motar ɗakin.

"Ga jirgin ƙasa ya iso!" in ji Dwight duk shekara. "Tsoho, ina ka baro sauran taragon?"

"Yana tafe da uwarka a ciki," Orval yakan ce, su rungume juna suna dariya.

Babur ɗin nan tun Orval yana saurayi yake mafarkinsa, bai samu ba sai da kansa ya yi fari. Da safe zai hau ya yi nisa cikin duwatsu, ya dawo fuska jawur yana murmushi kamar wanda ya sato nama. Ita kuwa Marlys an yi mata aiki a gwiwoyi, ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau. Koriyar motar ita ce ƙafarta, da ita take zuwa coci da kasuwa da wurin gyaran gashi.

Dwight ya yi shekaru yana tuƙin tirela, don haka wata rana muna shan kofi ya bar wasa ya yi magana. "Orval, gindin motar nan ya yi ƙasa, gabanta ya ɗaga. Ko sitiyarin ba ka ji ya yi maka sako-sako a hannu ba? Ka zaɓi ɗaya, ko babur ko ƙaramar motar."

"Ka ji ko?" in ji Marlys. "Ka sayar da baƙin jakin nan."

"Ke dai ki sayar da ƙwaryar nan taki."

"In je coci a bayanka kamar buhun dankali?"

Aka yi dariya, maganar ta bi iska. Amma Orval bai yi kunnen ƙashi gaba ɗaya ba. Ya kwanta ƙarƙashin motar ya ƙara mata faranti na ƙarfe, ya yi walda da hannunsa, ya kira Dwight ya gani. Aikin ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai ƙarfen da aka liƙa sabon a jikinsa tsoho ne, ya gaji da jijjiga.

A bazarar wata shekara suka kama hanyar arewa. A wata doguwar gangara cikin duwatsu, iska na bugun su daga gefe, gindin motar ya yage. Gadon babur da ƙarfen ja da sarƙoƙin tsaro duk suka tafi tare, don a jikin abu ɗaya suke. Orval bai ji ƙarar sosai ba. Marlys ce ta gani a madubi: babur yana birgima a titi yana tartsatsi, motarta kuma, ba kowa a ciki, tana tsallakawa ɗaya hannun titin a hankali kamar mai neman wurin tsayawa. Akwai akori-kura tana hawowa, suka yi karo. Mai ita sunansa Eusebio Quintero, mai rufin gidaje ne, ya taso daga aiki. Kafin motar asibiti ta zo ya cika, Orval na durƙushe kusa da shi yana riƙe da hannunsa.

Kotu ta dubi shekarunsa ba ta ɗaure shi ba, amma ta karɓe lasisinsa. Wani direba aka samu ya dawo musu da motar ɗakin Quartzsite, don ba su da inda ya fi nan. Da muka iso da kaka muka same su zaune a inuwa, kowa na kallon gefensa. Babu wanda ya tsokani wani.

Orval ya roƙi Dwight ya kai shi wurin matar mamacin. Na ce kada su je, suka je. Dwight ya ba ni labari da suka dawo. Sunanta Ofelia. Ta buɗe ƙofa da tawul a kafaɗa, ta tsaya ta saurari Orval har ya gama, hularsa a hannu. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba.

"Na ji," ta ce. "To yanzu me kake so in yi maka?"

Ya tsaya yana murza hularsa. Ta ɗan jira, sannan ta rufe ƙofar a hankali.

Marlys ba ta iya barci a motar ba bayan haka. Wata rana muna shanya ta ce mini, "Darlene, ba laifinsa nake gani ba. Da ma shi nake zargi, da na samu sauƙi. Motata ce ta kashe mutumin. Da na haƙura da ita tun farko fa? In na kalli Orval abin da nake tunawa ke nan, shi ma in ya kalle ni haka ne." Kafin Kirsimeti 'yarsu ta zo ta tafi da ita garin Fargo, can Dakota ta Arewa. An yi an yi da Orval ya bi su, ya ƙi. Ya ce ba zai iya zama a teburi da jikoki ana miƙa masa abinci ba.

Sai ya kama wata ɗabi'a. Duk wanda ya shigo sansanin yana jan mota, Orval zai taso da 'yar tocilarsa, ko gaisuwa ba a gama ba ya zube ƙasa ya shige ƙarƙashin motar mutane yana shafa ƙarfe. Da farko ana yi masa godiya, har a ba shi kofi. Daga baya ya fara tare hanya, yana cewa ba za a fita ba sai ya sake dubawa. Wani matashi mai babura biyu ya daka masa tsawa, "Baba, tashi daga gaban motata!" Mutane suka koma kafawa nesa da shi, in sun hango shi su shige ɗaki. Ko mu, ba kullum muke da ƙarfin zama da shi ba.

Da zafi ya zo kowa ya watse, shi ya zauna. Wannan wuri da rani ko ƙadangare ɓuya yake. Da muka dawo mun same shi ya zube, wandonsa ɗaure da igiya, yana cin wake daga gwangwani. Dwight ya gwada tsokanarsa, ya ce, "Tsoho, ka zama sandar rake." Orval ya dube shi kamar yana ƙoƙarin tuna ko wanene.

A hunturun nan ciwon zuciya ya ɗauke Marlys. Muka sa Orval a bas, amma dusar ƙanƙara ta rufe hanya, sai da aka binne ta ya isa. Bai dawo ba. 'Yarsa ta kai shi gidan kula da tsofaffi a can, ta sayar da motar ɗakin ga wani mai saye ya farfasa.

Nakan buga waya lokaci-lokaci. Da farko yana amsawa, ya ce lafiya lau, ya tambayi lafiyar Dwight, shi ke nan. Na ƙarshen da na buga, mai kula da shi ta je ta dawo ta ce yana zaune bakin taga, ya ce a gaishe mu, amma ba zai zo wurin wayar ba.