Tabon Goshi da Rumfar Samari

Shekarar da aka fara cewa Nasara za su tafi, ina goyon ɗan fari, muna zaune a wani lungu cikin Birni. Ƙanena yana hannuna tun rasuwar iyayenmu a Garagumsa. Gemu bai fito masa ba, amma ya fi ƙarfin bulala. Ba gona, ba lakwal ta boko, ba sana'a. Shi da abokansa a gindin garu suke wuni, su harbi tulunan mata da danƙo, su kwance akuyoyin mutane, su kifar da faifan 'yan talla. In na ji ihu a waje, na san da nawa a ciki.

Wata hantsi na dawo ɗiban ruwa, dutse ya kuskure tuluna ya sami yaron da nake goye da shi a gefen goshi. Jini har zanena. Ƙanena ne ya fara isowa, danƙo rataye a wuyansa, ya ce: "Yaya, wallahi tulun na auna."

Ciwon bai gama kamewa ba mai unguwa ya rako mana baƙuwa, ya tsaya a zaure. Wata madam ce daga bariki, Hausarta a karkace amma ana ganewa. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Ta ce gwamnati ta ware taimako saboda samari. Unguwar da yaranta suka fi addabar jama'a, can za a kafa rumfar koyon sassaƙa da ɗinki, a ba su fili da balo, wato ƙwallo. Guda ɗaya za a yi, shi ya sa take bin mata tana tambaya, tunda mu ne ke gani.

Inna, uwar mijina, ta tafa hannu. "Mu nan? Ai yaranmu tumaki ne, baiwar Allah."

Maƙwabciyarmu, wadda tulunta ma bai tsira ba, ta karɓe: "Ko kaza ba sa kora."

Haka muka taso. Ba a shanya dattin lungu a gaban baƙo.

Sai idon madam ya sauka kan tsumman da na ɗaure wa yaron kai. Ta matso, ta ce, "Me ya sami ɗanki?"

Ɗan fari ne. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in yi zancensa uwar miji na zaune. Ga shi kuma wanda ya yi jifan, nono ɗaya muka sha. Na sunkuyar da kai ina tonon ƙasa da yatsan ƙafa.

"Rarrafe ne, ya faɗi," in ji Inna.

Yaron da ko zama bai iya ba. Madam ta gane, na ga ta gane. Ta tsaya tana jirana. Ni kuwa na ja mayafi na rufe masa kai.

Rumfar wata unguwa aka kai ta, a bayan garu. Mun ji matan can sun zazzage komai, har da na ƙari. Muka yi ta musu dariya a bakin rijiya, muna ce musu marasa sirri. Da ni aka yi dariyar.

Ƙanena ya wanke rigarsa da kansa, abin da ban taɓa gani ba, ya je rumfar. Kafin azahar ya dawo.

"Sun ce ta 'yan unguwarsu ce. Wai mu 'yan Birni mutanen kirki ne, ba mu da bukata." Ya yi wata dariya. "Yaya, wane maƙaryaci ne ya faɗa musu haka?"

Na tura masa ƙwaryar fura, na ce ya sha kafin ta yi tsami.

Daga baya shi da abokansa suka je suka jefi kwanon rumfar. Gardi, 'yan sandan Nasara, suka kai su kaso, wato kurkuku. Da aka sako shi ko gida bai biyo ba, ya hau motar gyaɗa ta Kano. Har yau duk wanda ya dawo daga can sai na aika a tambayo mini, sai a ce ba a gan shi ba.

Ɗan farin nan ya yi wayo yanzu, yana gudu a lungun nan da sa'o'insa. Jiya ina masa wanka ya shafa goshinsa ya ce, "Me ya same ni a nan?"

Inna tana jinmu daga bakin ɗaki. Ban jira ta ba. Na ce, "Kawunka ne ya jefe ka." Sai ya ce wane kawu.