Talotalon da Na Kai Dubai

Ni dai tun ina yaro bakina ba ya zama wuri ɗaya. A aji uku na bar firamare, ba don na ƙoshi da karatu ba, sai don na kwaikwayi tafiyar hedimasta, ashe yana tsaye a bayana. A lungunan kasuwar Naif ta Dubai, inda nake saro takalma, duk Bazazzagin da ya hango ni sai ya canza hanya, don ya san Bakano ya samu nama. Gemu ya yi fari, hali yana nan.

Mijin 'yata ta biyu a Dubai yake aiki, direba ne a wani kamfani mai kafa rumfunan baje koli. Yaro ne mai kunya ta gaske. Idan na sauka, a tsakiyar filin jirgi yake durƙusawa ya gaishe ni, mutane suna kewaye shi da akwatunansu. Bai taɓa kallon ƙwayar idona ba.

Wata rana mun kai kayana kargo, sai ya ce, "Baba, in ba damuwa zan biya sito in ajiye takarda." Na ce yalla, mu je. Zafi ya hana ni zama a mota, na bi shi ciki.

Muka tarar ana shan shayi. Shugabansu wani Bature ne jajir mai tumbi, mutumin ƙasar Ailan. Yana ganin yaron ya ɗaga murya ya jefa masa magana, ban kama komai ba sai "ijit". Ga mamakina yaron ya mayar masa nan take, yana nuna tumbin. Wurin ya kaure da dariya. Ni ban taɓa sanin yana da murya haka ba.

Mai kula da siton dattijo ne ɗan zangon Kumasi, yana jin Hausa. Na matsa kusa da shi na ce, "Faɗa ne?"

"Wane faɗa, Alhaji? Wasan tsokana ne, su a ƙasarsu silagin suke kiransa. Wancan dogon na Ingila kuma ya ce su a can 'ɗaukar miki' suke ce masa. Ijit wawa ne, mofet sakarai. Wanda ba su zaga ba, ba su karɓe shi ba. Surukinka ya daɗe ana ce masa sannu kawai, sai bana suka fara zaginsa. Ka ga yanzu ya zama ɗan gida."

Wani daɗi ya kama ni. Ashe Turawa ma suna da abokan wasa! Na ce wa mutumin Kumasi ya fassara, ina da tsaraba.

Na ba su labarin ranar da yaron ya fara zuwa gaishe ni a Kano, cikin shadda mai sitaci, yana sunkuye a zaure. Talotalon uwargidana ya fito ya buɗe fuka-fuki ya yo kansa. Ango ya zabura ya yi waje da takalmi ɗaya, bai tsaya ba sai bakin titi. Ban bar shi a baki ba, na tashi na yi kukan talotalon, na yi gudun, har da riƙe wando. Mutumin Ailan ya yi dariya har shayi ya fito masa ta hanci. Dogon yana buga tebur yana maimaita sunan tsuntsun da Hausa.

Sai shugaban ya juya ga yaron yana miƙa masa hannu, alamar to bismilla, rama.

Yaron yana tsugune gefen wani kwali, kansa a ƙasa, yana ɗan murmushi.

Shugaban ya sake zuga shi. Yaron ya ƙara sunkuyar da kai. Mutumin Kumasi ya yi wa shugaban bayani a hankali da Turanci cewa a wurinmu mutum ba ya tsokanar uban matarsa, na ga dariyar tana sauka daga fuskarsa. Ya dube ni ya faɗi wata gajeriyar magana. Na ce a fassara.

"Alhaji, bar shi kawai."

"Faɗa mini."

"Ya ce in dai mutum ba shi da bakin ramawa, to wannan ba silagin ba ne."

Ni da na san wannan tun kafin a haifi Baturen! Bazazzagi ina tsokanarsa ne don gobe zai tare ni ya rama. Wannan yaron kuwa ko takalmi na cire na kwaɗa masa, cewa zai yi Allah ya huci zuciyar Baba.

Na ce bari in gyara. Na karkata hula na fara ba su nawa labarin, yadda zuwana na farko na tsaya gaban matakalar nan mai tafiya da kanta ina karanta duk addu'ar da na sani, har wata tsohuwa 'yar Indiya ta kama hannuna kamar jikanta. Suka yi dariya, dogon ya nuna ni ya ce mofet. Na ji sanyi, na waiga in ga ko yaron ya saki rai.

Ba ya wurin. Ya fita can cikin rana ya tsaya jikin mota. Mutumin Kumasi ya ce, "Alhaji, ina zai iya zama ana yi wa uban matarsa dariya?"

Muka kama hanyar komawa unguwar Al Nahda. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, na tuna hakan ma wani nauyin zan ɗora masa, na rufe. Da muka isa ya zagayo ya buɗe mini ƙofa ya ce, "Sannu da hanya, Baba."

Daga baya na haɗu da mutumin Kumasi a masallaci a unguwar Al Rigga. Na tambaye shi ko sunan ya bi yaron. Ya ce a'a, shugaban ya hana, ko sau ɗaya ba a kira shi Talotalo ba. Na ce alhamdu lillahi.

Ya gyara zaman carbinsa ya ce, "Sai dai ijit ɗin ma sun daina. Yanzu in ya shigo, gaishe shi suke yi da ladabi."