Abin da ke maƙale a zanen goyo

Nasara bai bar mulkin ƙasar nan ba tukuna, muna zaune a Zermu, gindin duwatsu, ina goyon ɗana na biyu. Na fari bai kai yaye ba ya koma, shi ya sa ko atishawa wannan ya yi sai gabana ya faɗi.

Wata rana na shanya zanen goyonsa kan tumfafiya a tsakanin duwatsu, na manta. Sai bayan kwana biyu maƙwabciyata, wadda muke zuwa rijiya tare, ta kawo mini. Ina warwarewa na ga wani abu maƙale a gefe, kore shar, bai kai dabino ba, da ɗige-ɗige kamar zinariya. Ba ƙafa, ba ido, ba baki. Zuciyata ta ce laya ce, kuma wa ya taɓa zanen in ba ita ba?

Na kai wa uwar mijina.

"Iya, mene ne wannan?"

Ta leƙa daga nesa. "Ke yarinya, jefa shi wuta! Sai kin tambayi sunansa?"

Na kasa. In na ƙone shi, har abada ba zan san ko sammu ba ne. Na rataye zanen cikin tsohuwar tukunya, na rufe da faifai, na daina gaishe da maƙwabciya.

Kullum sai na taɓa goshin yaro, sannan na buɗe tukunya. Na hau duwatsun, na sami irin abin nan guda huɗu a bayan ganyen tumfafiya, ɗaya ma ja-ja, ga tsutsotsi masu zane suna cin ganye. Wace mai sammu ce za ta bi ganye tana rataya layu?

A kwana na bakwai abin cikin tukunya ya yi duhu, ana hango ja da fari ta cikin fatarsa. Washegari da hantsi ya tsage. Malam-buɗe-littafi ya fito a yamutse, ya tsaya a rataye yana shan iska har fikafikansa suka miƙe.

Iya ta ce, "To, malamin ne da kansa ya zo rubutun?"

Na goya yaro da zanen, na ɗauki tulu, na yi sallama gidan maƙwabciya.

"Yaya, za ki rijiya?"

"Au, yau bakinki ya warke?" Ta miƙo hannu. "Sauko min da yaron nan, mijina, in gan shi."

Na kwance goyon na ba ta.