Shanun Hamsatu da Gonar Dalhatu

Hamsatu mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Dogo-Dogo, inda ake haɗa noma da kiwo. Da mijinta Tamu ya rasu, ya bar mata ɗan garke, ita da kanta take juya shi.

A shekarar saba'in da uku ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Tabkuna suka ƙafe. Rijiyar da ta rage da ruwa tana cikin garkar Dalhatu, ƙanen mijinta, wanda ya daɗe da sayar da dabbobinsa ya koma noman gyaɗa. Ta je ta roƙe shi ya bar shanunta su sha. Ya ce ruwan ko albasarsa bai isa ba. Washegari ta tarar an kewaye rijiyar da ƙaya.

Ta kora garken kudu, wajen Ɓaɓura. Hanya ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi ƙona mata rai wata jar saniya ce mai tsohon ciki, da ta durƙusa tana kallonta har ta cika. Da karsana biyu ta dawo gida.

Ba ta yi wa kowa kuka ba. Ta koma kiwon awaki, don akuya ko ganyen aduwa ya ishe ta. Ta riƙa ɗaure harawa a kan rumfa, a hankali garken shanu ya sake tashi.

Sai cuta ta faɗa wa gyaɗa. Dalhatu ya koma gero, amma ƙasarsa ta gaji, sai farin yashi. Taki take so. Bayan girbi Hamsatu ta kwantar da dabbobinta a gonar da ke gabas da tasa, sannan ta yamma, ba ta karɓi ko zangarniya ladan taki ba.

Ya zo ya tsuguna a ƙofarta. "Yaya, ko mako guda ne, su kwana a tawa."

"Shanuna ba su san hanyar gonarka ba, Dalhatu."

Dattawa suka sa baki, liman ma ya yi mata nasiha. Ta ce ta ji, ba ta canja ba.

Da damina gonakin maƙwabta suka yi baƙi ƙirin, tasa a tsakiya ja-ja-ja, geron bai kai gwiwa ba. Hamsatu ta sauya hanyar kasuwa don ta riƙa bi ta gefenta, ƙwaryar nono a ka, tana tafiya a hankali. Da kaka ta wuce Dalhatu ya tafi ci-rani Kano, bai dawo shuka ba. Kadi, ƙanwar Hamsatu, ta tambaye ta ko yanzu ta huce. Ta ce da saura.